Na Je Bamenda Jiyo Farashin Kurminmu

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk teburin da na zauna, daga Kura har Bunkure, sai wani ya ce, "Malam Habibu, wai yaya ƙasar take?" In na fara bayani kuma, kafin in gama share fage shayin ya huce, mai tambayar ya tashi. Abokina Sani mai shagon buga waya ne ya ce gara in rubuta, tun da takarda ba ta da wurin zuwa, dole ta saurare ni har ƙarshe. To ga shi. Abin da na gani zan faɗa, shi ma iya yadda na fahimce shi, don 'yan kwanaki ba sa isar mutum ya yanke wa ƙasa hukunci.

Sai na fara da kurmi, don shi ya kai ni.

A bayan garinmu akwai wani tudu da ruwan kanal bai taɓa hawa ba. Lokacin da aka baje ƙasar nan don noman rani, masu awo suka ga ruwa ba zai kai can ba, suka bar shi da itatuwansa: maɗaci, marke, hano, kanya, kalgo, sanya. Ko'ina ka duba tumatir ne da shinkafa, sai wannan ɗan kurmi a tsakiya kamar tukku a kan yaron da aka yi wa aski. Gadon gidanmu ne. Baffa Ado, ƙanen mahaifina, shi ke riƙe da shi. Yayarsu Gwaggo Laraba ita ke shiga da fita a cikinsa, can take samo sassaƙe da saiwoyin da take haɗa maganin shawara da na basir da na masu jego.

Sai Baffa ya sayi injin ban-ruwa. Abin da kanal ya kasa, inji da tiyo za su yi. Ya ce da ruwan sama ya ɗauke za a sare kurmi a dasa tumatir.

A lokacin na gama bautar ƙasa ina zaune, da digirina na ilimin tsirrai a ƙasan akwati. Wani malamina ya sa sunana cikin waɗanda za su je taron bita a Bamenda ta ƙasar Kamaru, a kan darajar daji saboda magungunan da ake iya ganowa a cikinsa. Na roƙi Baffa ya dakata da sare kurmin.

"Nawa ne kuɗin nasa?" in ji shi.

"Shi za ni in jiyo, Baffa. Wataƙila."

"To je ka jiyo. Gatari ba ya ruɓewa. In ya fi tumatir, na bar shi."

Gwaggo ta ƙulla mini kaɗan-kaɗan daga kowane magani a tsumma, wai in nuna wa masu taron. Baffa ya duba ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne, ba a zuwa wajen dillali ba samfur. Ban kawo komai a raina ba game da wannan magana, ko kuma na kawo ban riƙe ba.

Daga Kano zuwa Ikom, garin da ke dab da iyaka, babu abin faɗa sai ciwon baya da shingayen hanya. Amfanin wannan zango ɗaya shi ne haɗuwata da Alhaji Tanko, ɗan kasuwar albasa, Bahaushe haifaffen Bamenda. Ya dube ni da farar shadda da sabon takalmi sau ciki, ya tambayi inda za ni. Da na gaya masa sai ya ce, "Ɗan makaranta, biki za ka ko tafiya?" Daga nan ya ɗauke ni amana, ba tare da na nema ba.

Iyakar ƙasashen biyu gada ce a kan kogi. Jami'anmu suka duba fasfo da katin rigakafi suka sallame ni. Tsallakawata ke da wuya wani jandarma mai ƙaton ciki ya zazzage jakata, ƙulle-ƙullen Gwaggo suka zubo a kan tebur. Ya yi tambaya da Faransanci, na amsa da Turanci cewa tsirrai ne da ake kyautata zaton suna da amfani, ko da yake ba a tabbatar a ɗakin gwaji ba. Ya dubi Alhaji.

"Ya ce ka ci," in ji Alhaji.

"In ci me?"

"Kayanka mana. In ba guba ba ce."

Maɗaci ya miƙo mini. Wanda ya taɓa lasa ya san abin da nake nufi, wanda bai taɓa ba ya gode wa Allah. Na tauna hawaye na zuba. Ina jin fuskata ce ta gamsar da shi cewa maganin gaske ne, don sai ya rage murya, ya gyara zama a gefe guda na benci, ya tambayi Alhaji wani abu.

"Wai wanne ne na basir?"

Na nuna, na fara bayanin cewa ban san adadin da ya dace ba, kuma ya kamata ya ga likita. Ya sa ƙullin a aljihu ya buga mini hatimi. A iya sanina, wannan shi ne cinikin da kurminmu ya yi a ƙasar waje, na farko kuma na ƙarshe.

A Kura mutum biyu ake sawa a gaban mota, muna ta zagin direbobi da rashin imani. Ina neman afuwarsu. A hanyar Mamfe kujerar direba ma mutum biyu ne, kuma da yake na fi kowa rama ni aka zaɓa. Direba ya zauna a rabin cinyata, rabin jikinsa a waje, yana miƙa hannu ta kan gwiwoyina yana sa giya. Hanyar kuwa ban sani ba ko daidai ne a kira ta hanya. Jan taɓo ne da ramukan da babbar mota ke shiga ka daina ganin tayoyinta. Mu sauka mu tura, mu hau, mu sake sauka. A wani rami ƙafata ta shiga da takalmi ta fito ita kaɗai. Alhaji ya ce kada in damu, hanyar nan kowa tana karɓar zakka a wurinsa. Da takalmi ɗaya na shiga Mamfe, shaddar ta koma launin tukunya. Washegari na sayi silifas, da shi na hau Bamenda.

Garin kan duwatsu yake, ga sanyi kamar ana binka bashinsa. An sauke mu a masaukin baƙi na wata coci, tsaf-tsaf, ba abin kushewa. Matsalar buta ce. Na yi wa sistar da ke kula da wurin kwatance iya ƙoƙarina, ta tafi ta dawo da butar shayi ta tangaran mai zanen furanni. Da ita na yi alwala har na bar garin, kullum ina kaffa-kaffa kada ta suɓuce.

Abincinsu na alfarma sunansa acu: gwaza ce ake dakawa lukui, a yi mata rami a tsakiya a zuba wata miya ruwan ɗorawa da aka haɗa da manja da kanwa. Da yatsa ɗaya ake ci. Na sa hannu duka irin na tuwo, bangon ya fashe, miya ta bi tebur har cinyar wani malami daga Ghana. Nama kuwa na tambayi wanda ya yanka, aka ce za a bincika. Kafin a gama binciken na zauna a kan burodi da piya, har Alhaji Tanko ya zo ya kai ni unguwar Hausawa, matarsa ta yi mini tuwon masara da miyar kuka. Ta tambaye ni ko da gaske ne a wajenmu tumatir yakan yi yawa har a yanka a shanya a bakin titi. Na ce da gaske ne. Ta ce to ku kuna cikin aljanna. Ban musa mata ba, a gidanta nake.

Wata al'adarsu ita ce binne mamaci a ƙofar gida. Ban sani ba. Wata safiya ina jiran mota na samu wani dakali mai tayil na zauna, har ina yaba wa maginin a zuci. Matar gidan ta fito da fara'arta ta ce kada in tashi, surukinta ne, kuma da yana raye ma yana son baƙi. Mu muna kai namu bayan gari mu dawo da sauri. Su suna ajiye nasu kusa su riƙa share musu ƙura. Ban ce wani ya fi wani ba. Na dai daina zama a kan duk abin da ban tambaya ba.

Taron kansa na ji daɗinsa fiye da yadda zan iya faɗa. Jagorarsa wata masaniyar tattalin arziki ce da kowa ke ce wa Dakta. Ga abin da na fahimta. Magunguna da dama na asibiti daga tsirrai aka fara samo su. Akwai tsirran da har yau ba wanda ya gwada. Saboda haka in ka ƙone daji, mai yiwuwa ka ƙone maganin cutar da jikanka zai yi, ba ka ma san ka ƙone ba. Ke nan daji yana da daraja yana tsaye, kamar saniyar da ake zaton tana da ciki: ba ka yanka ta don kuɗin fata. Sai dai masana sun yi saɓani a kan yawan darajar. Wasu sun ce mai tsoka ce. Wasu sun ce ba ta taka kara ta karya ba, tun da sai a gwada tsirrai barkatai ba a dace ba, kuma abin da ke wannan daji sau da yawa akwai shi a na gaba.

Na ɗaga hannu na ce, wa zai biya? Dakta ta ce ya danganta. Na ce yaushe? Ta ce mai yiwuwa a zamanin 'ya'yanmu, mai yiwuwa kuma ba za a taɓa biya ba, amma wanda ya sare nasa ya fita daga layin gaba ɗaya. Tunda nake ban taɓa zama a ɗakin da kowa ke cewa "wataƙila" ba a yi masa dariya ba. Na ji kamar na samu dangina da suka ɓace.

Da wannan farin ciki na je wajen wata mai waya a ƙarƙashin lema, na kira shagon Sani, aka nemo Baffa.

"Yana da kuɗi ko ba shi da?" Ko gaisuwar ba mu gama ba.

"Wato, Baffa, a wani ƙaulin yana da daraja ƙwarai, mai yiwuwa ma ta fi ta tumatir in aka duba nan gaba, amma akwai saɓani, kuma sai an gwada, kuma ba lallai ba ne..."

"Sun ga samfur?"

"Sun gani. Sun yaba da hano. Sai dai..."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka. Ka gaida su."

Na koma masauki ina ganin na ceci kurmi.

Ana gobe za a rufe taro aka kai mu wani dutse mu ga misali. Akwai wata bishiya a dazukan tuddan can wadda ake sayen ɓawonta a kai Turai, a yi maganin matsalar fitsari ta dattawa maza. Ga daji mai kuɗi ke nan ba na wataƙila ba. Jagoranmu Mista Fidelis ne, tsohon malamin firamare, mai raha. Muka yi ta hawa ni da silifas ɗina. Da muka isa sai ga manyan bishiyoyi tsirara, an feɗe su daga gindi har rassa, sun bushe a tsaye. Ya ce akwai ƙa'ida, gefe biyu ake ɗiba a bar biyu, ɓawon ya warke kafin a dawo. Amma in ka bar rabinka, na bayanka shi zai ɗauke.

"Kada ku dube ni haka," ya ce yana dariya. "Kwanon rufin gidana daga nan ya fito, kuma karatun 'yata daga wancan kwarin. Bishiyar nan ta yi zamanin kakannin kakanninmu ba mai kula ta, sai tsofaffi masu zazzaɓi. Ranar da aka san farashinta ranar ta fara mutuwa."

Ya nuna mana wani ɓangare a ƙetaren rafi, kore shar. Na sarkinsu ne da dattawan gari, an sa masa alama, ba mai shiga. Ya ce yanzu ƙauyuka suna haɗa kai su tsare nasu su riƙa ɗiba da tsari, kuma a wasu wuraren abin ya fara kamawa. Ban ji sauran bayanin sosai ba. Kalmar "samfur" ce ke ta yi mini yawo a ka.

Na yi ta kiran Najeriya, layi ya ƙi shiga. A hanyar dawowa wata motar katako ta kife ta tare mashigi, muka yi kwanaki a wani ƙauye muna cin gasasshiyar ayaba. Sai a Ikom na samu Sani.

"Mutumina! Gari duk kai ake jira. Baffa ya ce in ka kira in tambaye ka, tare da motar kake tafe ko daga baya za ta zo?"

"Wace mota?"

"Ta ɗaukar kaya mana."

Ban tsaya ajiye jaka ba, kurmi na wuce. Baffa ya cika alkawari, wannan dole in faɗa: ko bishiya ɗaya ba a sare ba. Suna nan a tsaye, farare sol, kamar waɗanda na baro a kan dutse. Gindin sanya kuwa duk ramuka ne, an tone saiwoyin.

A gida na tarar da tabarmin da muke shanya kauɗar tumatir a shimfiɗe, sassaƙe na shan rana. A zaure buhuna ne jere, an ɗinke, kowane iri da nasa layin. Gayya aka yi, in ji Baffa, har da tuwo da fura. Aiki ne mai tsafta, irin na mutanen da suka san cewa mai saye ba ya jira, kuma wanda motar ta tarar bai shirya ba sai ya ga ƙurarta.

"Baffa, ai ban ce a ɗebo ba. Na ce wataƙila, na ce akwai saɓani..."

"Habibu, kai ko ruwa ake tafkawa cewa kake wataƙila a jiƙe. Tun kana ƙarami mun saba sheƙe maganarka mu ɗauki tsabar. Ka ce ya fi tumatir, ka ce sun yaba."

"A tsaye yake da darajar, Baffa."

"Au, cinikin a tsaye ne, irin na rake? To da sai ka faɗa. Yaushe za su yanka?"

"Ba za su yanka ba."

"Wa ya saya?"

"Tukuna dai babu."

Ya dube ni ya dubi buhunan. "Wato ka je har wata ƙasa, ka bar musu takalmi, ka dawo mini da mai sayen da ba a haifa ba?"

Na so in ce a taƙaice haka ne, amma akwai ƙarin bayani. 

Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake. Ta ce ta hana, ta ce ba a zagaye bishiya da wuƙa, aka ce mata ɗan boko ya yi magana daga ƙasar waje, kuma Turawa ba a cokali suke saye ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kafin bazara itatuwan sun bushe. Baffa ya ce alkawarinsa a kan masu rai ya yi. Aka yi itacen girki da su, aka kafa inji. Tumatir ɗin da aka dasa a wurin ya yi kyau ƙwarai, ya kuma nuna a makon da na kowa ya nuna, muka yanka muka shanya a kan tabarmin nan dai. Buhunan na ɗakin Gwaggo, daga ciki take ba mutane, tana cewa ƙarfinsu na raguwa. Abin da ya ƙare sai ta aika kasuwar Bunkure a sayo, ba ta san dajin da ya fito ba.

Bishiya ɗaya ta tsira, wani babban maɗaci a ƙarshen tudun. Ƙudan zuma ne a kogonta, sun kori 'yan gayya har kanal. Rannan na raka Gwaggo can da sassafe, kafin zumar ta tashi. Ta ɗan sassaƙi abin da bai fi tafin hannu ba, ta shafe wurin da laka. Na ce mata masu taron sun aiko, suna so in koma badi in ba da labarin dajinmu.

"Ka je," ta ce. "Amma ɗan nan, in sun tambaye ka wannan bishiyar, me za ka ce?"

Na fara cewa ai a kimiyyance ana kyautata zaton...

"A'a. Ka ce ba ta da amfani."

To abokaina, kun tambaye ni yadda Kamaru take, na gaya muku iya abin da na gani, kuma mai yiwuwa na yi kuskure a wasu wuraren. Masu tambayar bishiyar nan ta bayan gari kuwa, ga amsa, kuma a wannan ban ce wataƙila ba: ba ta da amfanin komai, ba ta maganin komai, ga zuma mai harbi. Kada wanda ya wahalar da kansa.